Zaure, Ruwan Sama da Kuɗin Haya: Tarihin Gidan Bahaushe a Zangunan Gwalkwas

Hausawan da suka zauna a Kumasi da Akra, a ƙasar Gwalkwas, wato Gana ta yau, tun daga ƙarshen ƙarni na 19 sun tafi da fasalin gidan da suka gada daga Kano da Katsina da Zazzau, amma kafin jikokinsu su girma fasalin ya sauya har ya zama baƙon da ya fito daga ƙasar Hausa ba ya gane shi sai da kwatance. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne na yanayi, wato cewa ginin ƙasa da rufin soro ba sa jure ruwan Kurmi, kuma wannan bayani gaskiya ne matuƙar ana maganar bango da rufi. Sai dai bai isa ya fayyace yadda aka yi zaure ya koma shago, ko yadda tsakar gidan da a da namiji baligi ba ya taka ta sai da izini ta zama wurin girki da wanki na iyalai goma waɗanda ba su haɗa dangi ba. Abin da ya kawo wannan shi ne farashin ƙasa da kuɗin ɗaki, kuma tarihinsa ya fi na ruwan sama tsawo.

Gidan attajiri ko malami a birnin Kano tsari ne na matakai, inda kowane mataki yake rage yawan waɗanda aka yarda su wuce shi. Zaure, wanda shi ne ɗakin shiga mai buɗewa ga titi, na kowa ne: a nan maigida yake karɓar baƙi, a nan almajirai suke karatu, masu ɗinkin hula da dukanci suke sana'a, kuma a nan ake cin abincin dare tare da maƙwabta. Bayansa akwai ƙofar gida, wani ɗan fili da samarin gida da baƙi maza suke kwana a ɗakunansa, sannan shigifa, wato zaure na biyu wanda sai makusanta suke kaiwa gare shi. Ana karkatar da ƙofofin nan yadda wanda yake tsaye a ɗaya ba zai hango ta gaba ba. Sai bayan duk wannan ake isa cikin gida, inda kowace mace take da ɗakinta, maigida yake da turakarsa, ga madafa da rijiya da rumbu, ga makewayi a kusurwa mafi nisa. Gidan talaka a ƙauye, mai dangar kara da ɗakunan ciyawa, yana bin wannan tsari gwargwadon hali, domin manufar ɗaya ce: kulle, wato tsare matan aure daga idon mazan da ba muharramansu ba.

Kayan ginin kuwa yanayin arewa ne ya zaɓe su. Ana mulmula tubali da hannu daga jar ƙasar da aka cuɗa da ciyawa, a shanya shi a rana, a jera shi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa ya zama bango mai kauri a gindi mai sirancewa a sama. Rufin soro ana shimfiɗa shi ne a kan azara, wato tsagin itacen giginya wanda gara ba ta cika cinsa ba, kuma tun da azara ɗaya ba ta ɗaukar nauyin ƙasa a tazarar da ta wuce kimanin mita biyu, magina sun ƙirƙiro baka, inda ake ɗaura azara bisa azara ana lanƙwasawa har ɓangarori biyu su haɗu a sama. Wannan fasaha ta kai ƙololuwa a Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Ana kare bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, kuma indararo yana fitar da ruwan rufi nesa da gindin bango. Duk wannan yana aiki ne saboda ruwan Kano, wanda a yawancin shekaru bai kai milimita 1,000 ba, yana sauka ne cikin watanni huɗu zuwa biyar, sannan rani mai tsawo ya busar da gini ya ba da damar yaɓe. Bango mai kauri yana shanye zafin bazara da rana ya sake shi cikin dare, lokacin da mutanen gida suka riga suka fita tsakar gida ko suka hau soro, haka kuma yana riƙe ɗumi a sanyin hunturu, abin da ya sa ƙaramar taga ta wadatar.

Akwai sharaɗi na biyu wanda ba a cika ambatarsa ba, shi ne arhar fili. Lokacin da Baturen matafiyi Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851 ya tarar da ganuwa ta kewaye fili mai faɗi wanda gidaje suka ci wani sashensa kawai, saura gonaki ne da fako da kududdufai, waɗanda su kansu ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne. Ƙasa tana hannun Sarki, mai bukata yana samunta ta hanyar mai unguwa da ɗan abin gaisuwa, don haka tsadar gida tana ga azara da ladan magina da yaɓen shekara-shekara. Zaure da ƙofar gida da shigifa wurare ne da ba su da amfanin kwanan iyali, kuma mutum ba ya ware kashi mai yawa na filinsa don sutura kawai sai inda filin ba shi da tsada.

Fataucin goro ne ya kai Hausawa Gwanja tun kafin mulkin Turawa, kuma a ƙarni na 19 babbar kasuwarsu ita ce Salaga, wadda take a ƙasa mai kama da gida, inda sauyin yanayi bai taka kara ya karya ba. Abubuwa biyu suka tura su kudu. A 1874 Ingilishi suka ƙone Kumasi, babban birnin Asante, ikon Asante a kan Gwanja ya raunana, goro ya fara bin wasu hanyoyi. A 1892 kuma yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga, fatake da malamai suka watsu zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo, daga cikinsu har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano wanda ya zauna a Kete-Krachi har rasuwarsa a 1934. Bayan Ingilishi sun mamaye Kumasi a 1896 sun kori Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya, shingen da sarakunan Asante suka daɗe suna yi wa baƙin fatake ya faɗi, zango ya kafu a cikin garin. A bakin teku kuma, inda aka mayar da hedkwatar mulki daga Cape Coast zuwa Akra a 1877, akwai tsofaffin sojojin Hausa na rundunar wani jami'in Ingilishi mai suna Glover da 'yan kasuwa masu aika goro ta jirgin ruwa zuwa Ikko, sana'ar da Alhassan Ɗantata ya yi a can kafin ya koma Kano.

A farkon zaman nan ɗaki ba haja ba ne. Maigida, a ma'anar da 'yan kasuwa suke nufi, shi ne mazaunin da yake saukar da fatake, ya ba su makwanci da abinci da ma'ajiyar kaya, ya haɗa su da masu saye, ya tsaya musu lamuni idan an sayar bashi, ribarsa kuma ita ce la'ada, wato kason da ake ba dillali a kan ciniki. Mai bincike Polly Hill ta bayyana wannan tsari a kasuwar shanu ta Kumasi, Abner Cohen kuma ya bayyana irinsa a Sabo ta Badun, inda ya nuna cewa ƙarfin maigida yana ga yawan gidajensa, domin wanda ba shi da ɗakin saukar baƙi ba shi da hanyar janyo ciniki. A irin wannan gida ɓangaren waje ne ya kumbura: ɗakunan ƙofar gida suka yawaita, zaure ya zama ofishi, cikin gida ya tsuke amma bai rasa shingensa ba.

Ruwan Kumasi ya yi aikinsa nan da nan. Garin yana samun kimanin milimita 1,400 a shekara, a damina biyu, babba daga wajen Maris zuwa Yuli da ƙarama a Satumba da Oktoba, kuma iskar tana ɗauke da danshi kusan duk shekara. Rufin ƙasa mai shimfiɗe yana jiƙa ya yi nauyi kafin ya sami ranar da za ta busar da shi, bango marar inuwar rufi yana zaizayewa, kuma kaurin da yake rahama a Kano ya zama wahala a wurin da dare ba ya yin sanyin da zai huce gini, inda mai kwana yake bukatar iska ta ratsa ɗaki daga taga zuwa taga. Mutanen Asante sun daɗe da samun amsarsu: ɗakuna huɗu masu kusurwa suna fuskantar tsakar gida, wasunsu a buɗe ta gaba, bango na itace da aka yaɓe da ƙasa, rufin ciyawa mai tsananin gangara. Baƙin zango ba su kwaikwayi wannan kai tsaye ba. Abin da ya yaɗu a garuruwan kudu shi ne bangon ƙasa da ake ɗorawa sahu-sahu ba tare da tubali ba, wanda ake jingina shi ga magina 'yan Atakpame ta ƙasar Togo, a kansa katakon daji mai arha da kwanon rufi wanda jirgin ƙasa ya fara kawowa daga Sekondi bayan layin dogo ya isa Kumasi a 1903. Da haka baka da indararo da zanko, wato tsinin da ake yi a saman kusurwar soro, suka fita daga aikin magina, kuma sana'ar da a Kano take da sarkinta ta rasa gurbi a zango.

Akra ce take nuna iyakar bayanin yanayi. Ruwan da take samu a shekara bai wuce kimanin milimita 800 ba, wato bai fi na Kano ba, domin tana cikin wani yanki mai ƙarancin ruwa a gaɓar teku. Matsalarta danshi ne, da iskar gishiri mai cin kwano, da kuma ruwan Mayu da Yuni wanda yake sauka da ƙarfi a kan ƙasa mai kwari ya bi kogin Odaw zuwa tafkin Korle, yana tafiya da gindin duk bangon da ya tarar. Waɗannan dalilai ne na ɗaga harsashi da shafa siminti, amma babu ɗaya a cikinsu da ya hana mutum gina zaure da shigifa, kuma shaidar ita ce magidantan farko sun gina su.

Hukumar mulkin mallaka ta sa nata hannun ta ƙofar kiwon lafiya. Annobar da ɓeraye suke yaɗawa ta auka wa Akra a 1908, ta auka wa Kumasi a 1924, kuma a duka biyun jami'an tsabta sun ɗora laifin a kan cunkoson unguwanni da rufin ciyawa. A Kumasi an rushe tsohon zango da yake kusa da tsakiyar gari, aka gina sabo a kan layuka miƙaƙƙu da ɗakuna a jere. Fulotin da ma'aunin safiyo ya yanka mai kusurwa huɗu ne, girmansa ƙayyadadde, ba ya miƙewa idan iyali ya ƙaru kamar yadda gidan Kano yake cin filin da yake bayansa, saboda haka duk ƙarin ɗaki dole ya fito daga cikin tsakar gida.

Sabon Zango na Akra, wanda Deborah Pellow ta yi dogon nazari a kansa, misali ne na yadda aka fara da yadda aka ƙare. Malam Baƙo, ɗan Malam Neenu wanda ya zo daga Katsina, shi ne ya kafa shi a farkon shekarun 1910 a kan filin da ya samu daga sarakunan Ga, 'yan asalin Akra, bayan tsohon zango na cikin gari ya cika da jama'a da rigingimun shugabanci. Ya rarraba fuloti ga 'ya'yansa da mabiyansa kamar yadda sarki yake yi a gida, da nufin samar da unguwar Hausawa Musulmi inda za a iya kiyaye kulle. Sai dai akwai bambanci a tushe, domin a kudancin Gwalkwas ƙasa ta kujerar sarauta ce ko ta dangi, baƙo yana riƙe da ita ne da yardar masu ita bayan ya biya abin da al'ada ta tanada, kuma sarkin zango, komai girmansa, shi ma baƙo ne. Haka unguwar Nima ta Akra ta kafu a farkon shekarun 1930 a hannun Malam Amadu Futa, a wajen iyakar gari ta lokacin, inda babu famfo babu magudanar ruwa.

Abin da ya mayar da ɗaki haja shi ne koko da ma'adinai. Zuwa 1911 Gwalkwas ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da koko, kuma gonakinsa, da ramukan zinariya na Obuasi da Tarkwa, da aikin dako a tashar jiragen ruwa, suka jawo dubban leburori daga arewa: Mosawa da Zabarmawa da Kotokoli da Frafra da wasunsu, ga kuma Yarabawa 'yan tireda. Mafi yawansu a zango suka sauka, harshen Hausa ya zama na mu'amalarsu, kamar yadda Enid Schildkrout ta bayyana a Kumasi, Jean Rouch kuma ya bi sawun Zabarmawan Nijar a shekarun 1950. Waɗannan ba fatake ba ne da za a ci la'adarsu, masu albashi ne ko ladan yini, don haka hanyar da maigida zai amfana da su ita ce haya ta wata-wata. Jama'ar Akra ta tashi daga kimanin 135,000 a 1948 ta haura 330,000 a 1960, kuma a irin wannan matsi kowane taku na fili yana da farashi. An fara da ɗakunan baƙi na ƙofar gida, aka toshe shigifa aka yi mata ƙyaure, sannan aka jera sababbin ɗakuna a jikin katanga har tsakar gida ta koma lungu. Rabon gado ya ƙarasa aikin: idan maigida ya rasu ya bar 'ya'ya da yawa daga mata daban-daban, ba a cika sayar da gidan ba, sai a raba shi ɗaki-ɗaki, kowane magaji ya zauna a nasa ko ya sa ɗan haya, kuma babu wanda yake da ikon hana ɗan'uwansa sa wanda ya ga dama, Musulmi ne ko Kirista, mai iyali ne ko gwauro. Gidan da yake da masu shi goma sha ba shi da maigida, kuma gyaran rufi da na magudana, da yake na kowa ne, sai ya zama ba na kowa ba.

Kulle ba ya rayuwa a tsakar gidan da ɗan haya namiji yake ratsawa da bokitinsa, don haka ya taƙaita ga 'yan gidajen malamai da attajirai masu halin barin ɗaki ba haya. Sauran mata suka yi sutura da mayafi maimakon bango, suka fito da sana'arsu ƙofar gida, kuma koko da ƙosai da tuwon zafi da shinkafa da wake da mutanen Gana suka sani a matsayin abincin zango daga wannan fitowa suka bazu. Ba daidai ba ne a ɗauki wannan a matsayin asara tsantsa, domin matar da take riƙe da cinikinta da hannunta, ba ta hanyar tallar yara ba, ta sami abin da takwararta ta Kano ba ta samu ba. Asarar da ba ta da musu ita ce ta makewayi: a gidaje da yawa an mayar da gurbinsa ɗakin haya, mazauna suka koma bin layi a bandakin gwamnati ko na 'yan kasuwa ana biya kowane shiga, ruwa kuma ana saye bokiti-bokiti, abin da yake ƙara wa ɗakin zango tsadar da ba ta bayyana a kuɗin haya. Zaure ya fi sauran sassa jurewa a inda yake da aikin jama'a, wato a fadar sarkin zango da gidajen limamai, ko inda ya zama makarantar allo ko masallacin unguwa. A sauran wurare, da yake shi ne yake kallon titi, shi ya fi kowane ɗaki tsada a wurin tela da mai kanti.

Gwamnatocin Gana sun yi ta ƙoƙarin ɗaure farashin haya. Dokar haya ta 1963 ta haramta karɓar kuɗin fiye da wata shida a gaba, kuma gwamnatocin soja na Jerry Rawlings sun ƙayyade kuɗin ɗaki a 1979 da kuma cikin shekarun 1980, a daidai lokacin da darajar sidi, kuɗin ƙasar, take zubewa. Sakamakon shi ne haya ta yi arha a takarda, masu gida suka daina gyara da ƙarin gini, sannan suka rama ta hanyar neman kuɗin shekara ɗaya ko biyu a dunƙule kafin su miƙa makulli, al'adar da har yanzu take ci duk da dokar. Ma'aunin zama ya koma ɗaki ɗaya ga iyali guda, wanda ya sami ciki da falo kuma ana ganin ya ci gaba.

A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasar, kuma dubban ɗaruruwa suka fita, har da waɗanda a zango aka haife su. Gidaje da yawa an sayar da su a gaggauce ko an bar su amana, waɗanda suka saura kuma suka koyi cewa gini a ƙasar da ake iya ce wa mutum baƙo jari ne mai haɗari. Kundin tsarin mulki na 1992 ya taƙaita wa wanda ba ɗan ƙasa ba riƙon fili zuwa shekara 50, ko da yake mafi yawan mutanen zango na yau 'yan Gana ne, kuma a 2017 an kafa asusu na musamman don raya zanguna. Waɗanda suka sami wadata, sau da yawa da kuɗin 'ya'yan da suke aiki a Jamus ko Amurka ko Saudiyya, sun fi son yin gini a bayan gari, a Madina da Ashaiman da Kasoa, gidan bulo mai katanga da get, wanda falo ne wurin karɓar baƙi a cikinsa.

Kano kanta ta bi wannan hanya daga baya, alhali daminarta da hunturunta suna nan yadda suke. Gidajen haya na ɗaki-ɗaki sun fara a Sabon Gari da Fage, suka bazu zuwa unguwannin bayan ganuwa, filin cikin birni ya cika, an cike kududdufai an yi gini a kansu, kuma dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta mayar da ikon fili hannun gwamna. A sababbin unguwanni ana yanka fuloti a sayar da rabinsa ko rubu'insa, zaure ya ragu zuwa ɗan soron shiga ko ya ba da wuri ga shago da garejin mota. Azara ta yi tsada saboda giginya ta ragu, maginan gargajiya sun yi ƙaranci, don haka magidanta suke sauke rufin soro su ɗora kwano a kan bulo, ginin da a watan Afrilu yake ɗaukar zafin da tsohon bangon ƙasa yake tarewa, kuma sanyinsa ya dogara ga fanka da wutar lantarkin da ba kullum take zuwa ba.